Nono na zuba ba ciki, ba lallai aljani ba ne

A Zariya, da mace ta daina al'ada, nono na ɗiga ba ciki ba goyo, sai a ce namijin dare ne, a hau hayaƙi. Wani lokacin matsalar a kai take. A gindin ƙwaƙwalwa, bayan hanci, akwai wata 'yar halitta kamar ƙwayar wake, fituwitari. Ƙari kan fito mata, ta riƙa zubo sinadarin furolaktin da yawa, wato mai sa nono ya kawo ruwa, shi ke tsayar da al'ada ya hana haihuwa. Namiji ma sha'awarsa kan mutu. In ƙarin ya girma, ya danne jijiyar ido, gani ta gefe ya dushe. Yawancin irin wannan ƙari ba ciwon daji ba ne. Gwajin jini da hoton MRI, kamar a asibitin Shika, ke gano shi, kuma ƙwayar kabagolin kan rage shi ba tare da tiyata ba.