Idan bentileta ta yi ƙaranci, wa ake sa wa? Ga yadda ƙa'idar New York ta tsara

Mutane da yawa sun ɗauka wanda ya riga zuwa asibiti shi ke samun bentileta, wato na'urar taimaka wa numfashi, kuma da zarar an sa masa to ta zama tasa har sai ya warke ko rai ya yi halinsa. A lokacin annoba ba haka abin yake ba, aƙalla dai a ƙa'idar da ma'aikatar lafiya ta jihar New York ta Amurka ta fitar a 2015.

Da farko dai likitan da ke duba mara lafiya ba shi ke yanke hukunci ba, shi nasa ya kawo sakamakon gwaji kawai, wani jami'i ko kwamiti daban wanda ba ya hulɗa da majinyacin shi zai ce a ba shi ko kar a ba shi. Ni a ganina nan suka fi yin hikima, don likitan da ya kwana kan mutum ba zai iya cire masa na'ura da sanyin zuciya ba, kuma an toshe ƙofar alfarma.

Awon da ake amfani da shi sunansa SOFA. Ana duba huhu, hanta, ƙoda, ƙwaƙwalwa, hawa da saukar jini da kuma daskarewar jini, kowanne maki 0 zuwa 4, jimla 24, kuma yawan maki alamar jiki ya yi tsanani ne. Da makin ake raba marasa lafiya rukuni-rukuni da launi: mai 7 zuwa ƙasa ana sa shi a ja, shi ne kan gaba. 8 zuwa 11 rawaya, sai ya jira. Wanda ya haura 11 shuɗi ne, ba za a sa masa ba amma fa ba jefar da shi za a yi ba, ana ci gaba da ba shi magani da rage masa raɗaɗi. Kore kuwa wanda ba ya buƙatarta ne ma.

Inda abin ke da ɗaci shi ne sake awo. Na'urar aro ce ake ba ka na gwaji, bayan awa 48 a sake dubawa, bayan awa 120 a ƙara, in jiki bai nuna alamar sauƙi ba kuma ga wani a ja yana jira, ana iya cire maka a sa masa.

To in mutum biyu sun yi kunnen doki fa? Ƙuri'ar sa'a ake yi. Ba a duba kuɗi ko muƙami, hatta ma'aikatan lafiya ba a fifita su ba, shekaru ma ba sa shiga lissafi sai dai a raba gardama tsakanin yaro ɗan ƙasa da 18 da babba.

Amma a lura, shawara ce ga asibitoci ba doka mai tilastawa ba, kuma ba ta aiki a ranakun da na'urori suka wadata, sai annoba ta ci ƙarfin asibitoci.