Dokar ITF: kashi ɗaya da kamfani ke biya, da ɗalibin da ke tsaye a bakin get

Idan lokacin IT ya ƙarato, wato lokacin da ɗaliban manyan makarantu ke zuwa kamfanoni koyon aiki, bi ta unguwannin masana'antu na Sharaɗa ko Bompai a Kano da hantsi. Za ka ga ɗalibai bibbiyu ko uku-uku, kowa da fayil a hammata, cikinsa takardar makaranta mai neman a karɓe shi ya koyi aiki. Mai gadi ya leƙo ta ƙaramar ƙofa, ya dubi takardar sama-sama, ya ce manaja ba ya nan, ko kuma bana ba a ɗauka. Yawancin ɗaliban nan sun ɗauka alfarma suka zo roƙo. Amma akwai dokar da ta yi magana kan tsayuwar tasu, kuma ita ce dai ta yi magana kan horar da ma'aikatan da ke bayan get ɗin.

Dokar ita ce wadda ta kafa Asusun Horar da Ma'aikatan Masana'antu, wanda kowa ya sani da ITF. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ce ta kafa shi da dokar soja mai lamba 47 ta 1971, hedikwatarsa kuma tana Jos har yau. Lokacin an gama yaƙin basasa, kuɗin fetur ya fara shigowa, ana kafa masana'antu, amma masu ƙwarewar tafiyar da su daga cikin 'yan ƙasa sun yi ƙaranci. Sai aka ce duk mai cin moriyar ma'aikata ya sa hannu a aljihu domin horar da su.

Abin da ake biya kashi ɗaya ne cikin ɗari na jimillar abin da kamfani ya kashe wajen biyan ma'aikatansa a shekara, albashi da alawus duka. Kamfani ne ke biya daga aljihunsa. Ba kamar kuɗin fansho ba ne da ake cire wani kaso daga albashin ma'aikaci, saboda haka wanda ya ga an zaftare masa wani abu da sunan ITF yana da dalilin tambaya. Ana so kuɗin kowace shekara ya shiga zuwa 1 ga Afrilu na shekarar da ke biye, wanda ya makara kuma tarar kashi biyar cikin ɗari na abin da bai biya ba za ta riƙa hawa kansa duk wata.

Wa dokar ta hau kansa? A nan mutane ke rikicewa, domin ma'aunin ya canza. Gyaran da aka yi a 2011 ya jawo duk mai ma'aikata biyar ko fiye, har da wanda ma'aikatansa ba su kai biyar ba idan cinikinsa na shekara ya kai naira miliyan 50. Wannan ya kama har ƙaramin gidan burodi. Dokar sauƙaƙa kasuwanci da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Fabrairun 2023 ta ɗaga adadin zuwa ma'aikata 25, ta kuma cire kamfanonin da ke aiki a yankunan ciniki marasa haraji. Har yanzu za ka ji masu cewa biyar ne. Tsohon karatu suke yi.

Ga lissafi don a gani ƙarara. A ce kamfani yana da ma'aikata 30, kowanne yana ɗaukar naira 100,000 a wata. A shekara naira miliyan 36 ke nan, rabon ITF kuma naira 360,000. To ga wurin da na fi so masu kamfanoni su tsaya su karanta: doka ta ba ITF damar mayar wa kamfani har rabin abin da ya biya, wato naira 180,000 a misalin nan, idan ta gamsu cewa ya horar da ma'aikatansa yadda ya kamata. Kuɗin ba ya dawowa da kansa. Sai kamfani ya tsara horon da zai yi, ya sanar da ofishin ITF na yankinsa tun kafin a fara, ya adana rasit da sunayen waɗanda suka halarta da takardun shaidarsu, sannan ya nema. Inda ba wanda ya san wannan aiki, a biya kuɗin kamar haraji, a karɓi takardar shaidar biya domin neman kwangilar gwamnati, a jefa ta cikin durowa, shi ke nan. Masu karanta harkar kula da ma'aikata da horar da su a jami'a, wannan kujerar ce ke jiransu: mutumin da zai iya gano abin da ma'aikaci ya rasa, ya tsara yadda zai koye shi, ya kuma ajiye hujja a rubuce.

Doka ba ta tsaya ga biyan kuɗi ba. Gyaran 2011 ya ɗora wa masu biya wajibai biyu: su riƙa horar da ma'aikatansu 'yan ƙasa tare da aika wa ITF shaidar hakan, kuma su karɓi ɗalibai masu zuwa koyon aiki. Kamfanin da ya saɓa, tararsa naira 500,000 a karon farko, miliyan ɗaya duk lokacin da ya sake, shugabanninsa ma akwai hukuncin da ya shafe su su kansu. A ganina wannan sashe ne ya fi kowane barci a cikin dokar. Ba kuma ina nufin kowane ɗalibi da ya ƙwanƙwasa ƙofa dole a buɗe masa ba, tun da gurbi yana da iyaka. Amma kamfanin da ke biyan ITF ya mayar da ƙin ɗaukar ɗalibai al'adarsa, ya bar layin doka.

Shi shirin da ke tura ɗaliban, SIWES, ITF ce ta ƙirƙiro shi a 1973, bayan masu masana'antu sun yi ta kukan cewa waɗanda ke fitowa daga manyan makarantu sun san littafi amma ba su taɓa riƙe sifana ba. A 1979 an miƙa shi ga hukumar jami'o'i ta NUC da ta ilimin fasaha NBTE, a 1984 ya dawo hannun ITF. Ɗalibin injiniya ko kimiyya ko aikin gona a jami'a yakan yi wata shida, na kwalejin fasaha da na kwalejin ilimi wata huɗu. Alawus ɗinsa, wanda gwamnatin tarayya ke bayarwa ta hannun ITF, ya daɗe a kan naira 2,500 a wata, kuɗin da a yau ba zai kai shi wurin aiki ya dawo da shi na mako guda ba, sau da yawa ma sai an gama an koma aji kafin ya shigo.

Abin da ke hannun ɗalibi shi ne logbuk ɗinsa. Kowace rana ya rubuta aikin da ya yi, ƙarshen mako mai kula da shi a kamfani ya sa hannu, malami ya zo daga makaranta ya duba, a ƙarshe ofishin ITF ya buga hatimi. Na taɓa ganin logbuk da mako uku a jere ba abin da ke ciki sai "na lura da yadda ake aiki", kuma mai sa hannu ya sa, bai ce uffan ba.