Ilhadi, La'adriyya da Imani da Mahalicci

Ilhadi shi ne ƙin yarda da samuwar Allah ko wani abin bauta, mai wannan ra'ayi kuma mulhidi ake ce masa. La'adriyya daga kalmar Larabci "la adri" ta fito, wato "ban sani ba", kuma matsayi ne na wanda ke cewa ba a san amsar ba, ko ma hankalin ɗan Adam ba zai iya kai gare ta ba. Akwai kuma wanda ya yarda da Mahalicci ta hanyar hankali kaɗai, bai karɓi wahayi ko annabci ba. Larabawan zamani suna kiran wannan rububiyya. Ɗaliban lise a Garwa, Marwa da Njamena sukan fara cin karo da waɗannan a darasin falsafa, da sunayensu na Faransanci.

Tambaya biyu ce a nan, kuma haɗa su ne ke kawo ruɗani. Ta farko: me ka sani? Ta biyu: me ka yarda da shi? La'adriyya amsar ta farko ce, ilhadi da imani amsar ta biyu. Shi ya sa ake samun mai cewa ba shi da hujjar da za ta rufe baki amma ya yi imani, da kuma mai cewa ba shi da hujja, don haka bai yi ba.

Tarihin kalmomin

Masanin halittu na Ingila Thomas Huxley ne ya ƙirƙiro sunan Turanci na la'adriyya a 1869, amma ra'ayin ya girme shi nesa. Tun ƙarni na 5 kafin Miladiyya, Furotagoras na Girka ya ce ba zai iya sanin ko alloli na nan ba, saboda duhun al'amarin da gajartar rayuwa. A littattafan Musulunci, sunan da aka fi sani shi ne Dahriyya, daga aya ta 24 ta Suratul Jasiya, inda masu musun tashin ƙiyama suka ce zamani ne kawai ke halaka su. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kasa masana falsafa gida uku: Dahriyyun da suka musanta Mahalicci, Ɗabi'iyyun da suka yarda da shi suka musanta lahira, da Ilahiyyun irin su Aflaɗon da Arisɗo.

Hujjar da ake karantarwa a zaure

Almajirin da ya karanta Ummul Barahin na Shehu Sanusi na Tilimsana, wanda ya rasu a 1490, ya riga ya san ginshiƙin muhawarar ko da bai taɓa jin sunan Huxley ba. Littafin ya fara da raba hukuncin hankali uku: wajibi, mustahili da ja'izi. Hujjar samuwar Allah tana tafiya daki-daki. Kowane jiki ba ya rabuwa da hali irin motsi ko tsayuwa. Waɗannan halaye suna zuwa suna gushewa, ke nan fararru ne, wato suna da farko. Abin da bai taɓa rabuwa da fararre ba, shi ma fararre ne. Samuwar fararre da rashinsa kuwa daidai suke a hankali, kamar hannu biyu na sikeli, ɗaya ba ya rinjaya sai da mai rinjayarwa. In aka ce shi ma mai rinjayarwar fararre ne, sai a faɗa cikin dauri ko tasalsuli, wato kewaye ko jerin da ba shi da farko, kuma duka biyun mustahili ne.

Masu suka sun fi danna mataki na uku da na ƙarshe. Suna tambaya: me ya hana halaye su yi ta maye gurbin juna ba tare da na farko ba? Ba mulhidai kaɗai suka yi wannan tambaya ba. Ibn Rushd na Ƙurɗuba, alƙalin Malikiyya da ya rasu a 1198, ya ga rauni a nan, ya fifita hujjar tsarin halitta da dacewarta da rayuwar mutum. A 1781 Kant na Jamus ya ce tsantsar hankali ba ya iya tabbatar da farkon duniya ko kore shi, kuma a kan irin wannan ne yawancin 'yan la'adriyya suke tsayawa. Mulhidi kuma yakan ƙara da batun wahalar marasa laifi, ya ce nauyin kawo hujja yana kan mai da'awa.

Inda ake yin tuntuɓe

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mai da jahilci hujja. Mumini ya ce kimiyya ba ta bayyana abu kaza ba, don haka Allah ne. Ranar da aka bayyana, hujjarsa ta rushe. Mulhidi ya ce ba a gani da na'ura ba, don haka babu. Alhali na'ura abin da ke da nauyi da tsawo take aunawa. Georges Lemaître, limamin Katolika ɗan Beljiyam wanda ya kawo ra'ayin faɗaɗar sararin samaniya a 1927, bai ji daɗi ba da Fafaroma Pius na 12 ya kusanta binciken da hujjar halitta a 1951. Kiyasin shekarun sararin samaniya, wato biliyan 13.8, yana nuna inda lissafi ya tsaya, bai faɗi abin da ke bayan nan ba.

Pascal na Faransa, wanda ya rasu a 1662, ya bi wata hanya: tunda ba a sani ba, a auna riba da asara, mai imani bai rasa kome ba in ya yi kuskure. Akwai baitoci masu wannan ma'ana na Abul Ala'il Ma'arri, ƙarni shida kafinsa. Raunin hanyar biyu ne: ba ta faɗi wane addini za a bi ba, kuma zuciya ba ta yarda da abu don lissafi.

A arewacin Kamaru da Cadi

A bakin jama'a akan tara kowa ƙarƙashin "arne" ko "marar addini", kuma wannan zalunci ne ga gaskiya. Mutanen duwatsun Mandara da na gaɓar kogin Lagon da aka laƙaba wa Kirdi sun san Ubangiji Maɗaukaki: Mafa na Mokolo suna kiransa Jigile, Kapsiki suna cewa Shala, Masa na gaɓar Lagon suna cewa Lawna. Babu mulhidi a cikin wannan akida. Ƙidayar Kamaru ta 2005 ta sami kimanin kashi 3 cikin 100 marasa bin addini, ta Cadi ta 2009 ƙasa da haka, kuma adadin bai bambance mulhidi da mai shakka da wanda ya bar zuwa wurin ibada kawai ba. Tsarin mulkin ƙasashen biyu ya raba gwamnati da addini, amma mai shakka ya fi tsoron gida da unguwa, don haka yakan yi shiru. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo kansa ya yi raddi ga malaman Kabbe, wato koyarwar tauhidi ta Fulatanci, da ke kafirta talakawa don ba su iya jero hujjojin tauhidi ba, kuma malaman fiƙihu sun raba tsakanin waswasin da ke ɗarsuwa a zuciya da inkarin da mutum ya ƙudurta.