Zagayen birnin Roma a tsohuwar mota Fiat 500

Zagayen Roma a tsohuwar mota wani nau'i ne na yawon buɗe ido a babban birnin Italiya, inda baƙi ke kewaya wuraren tarihi cikin motocin da aka ƙera tun shekarun 1950 zuwa 1970. Motar da aka fi amfani da ita ita ce ƙaramar Fiat 500, wadda 'yan Italiya ke kira Cinquecento, wato ɗari biyar. Ana irin wannan yawo a birnin Firenze da wasu garuruwan yankin Toskana na Italiya ma.

Tarihin motar

Kamfanin Fiat, wanda aka kafa a Turin a 1899, ya fito da Nuova 500 ranar 4 ga Yulin 1957. Injiniya Dante Giacosa ne ya tsara ta, shi ne kuma ya yi aikin wadda ta gabace ta, Topolino, da aka ƙera daga 1936 zuwa 1955. A lokacin Italiya na farfaɗowa daga yaƙin duniya na biyu, talaka kuwa bai wuce keke ko babur irin Vespa da Lambretta ba. Abin da aka nema shi ne mota mai rufi wadda ma'aikacin masana'anta zai iya saya da albashinsa.

Tsawonta bai cika mita uku ba. Injin yana baya, mai silinda biyu, cc 479, iska ce ke sanyaya shi, don haka ba ta da lagireto. Ƙarfinsa na farko doki 13 ne kawai. Rufinta na yadi ne da ake naɗewa, kuma an yi shi haka ne har da dalilin rage ƙarfe da rage tsada, sai ga shi wannan rufin ne masu yawo suka fi so a yau, domin yana ba su damar ganin saman gine-gine suna zaune. Da farko kasuwarta ba ta buɗe ba, mutane na ganin an tsuke ta da yawa a kan lira 490,000, sai kamfanin ya ƙara mata ƙarfi da kayan ciki, ya kuma sauke farashi. A 1959 Giacosa ya samu lambar yabo ta Compasso d'Oro, wadda ake bayarwa a Italiya kan tsara kayan masana'antu, saboda ita.

Samfura sun biyo baya. A 1960 aka fito da 500 D mai cc 499 da kuma Giardiniera mai dogon baya ta ɗaukar kaya. Samfurin F na 1965 ne ya sauya ƙofofi, domin a da daga gaba suke buɗewa, maƙalarsu tana baya. L ta zo a 1968, R kuma a 1972. An daina ƙera ta a 1975, bayan an fitar da kusan miliyan 3.9. Shekarun nan su ne na bunƙasar tattalin arzikin Italiya, lokacin da aka kammala babbar hanyar Autostrada del Sole daga Milan zuwa Napoli a 1964, kuma iyalai da yawa da wannan motar suka fara zuwa bakin teku hutu. Shi ya sa tsofaffi a Roma kan tsaya su ɗaga hannu idan ayarinta ya wuce. An kafa ƙungiyar masu ita, Fiat 500 Club Italia, a Garlenda a 1984, sannan a 2017 gidan adana kayan fasahar zamani na New York ya sa samfurin F cikin kayansa.

Wuraren da ake bi

Bisa al'ada an ce an kafa Roma a 753 kafin Miladiyya, kuma UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren gado na duniya a 1980. Yawancin zagaye kan fara kusa da Kolosiyam, filin wasan da Sarki Vespasian ya fara ginawa wajen shekara ta 70 zuwa 72 Miladiyya, ɗansa Titus ya buɗe a shekara ta 80. Daga nan akan wuce ta Circus Maximus, filin tseren keken doki, a hau tudun Aventino mai lambun lemu, inda ake leƙa kubbar majami'ar San Pietro ta ramin makullin wata ƙofa. Wasu kan zarce zuwa wuraren wankan Caracalla na wajen shekara ta 216, da dalar Cestius, da ganuwar Aurelian da aka fara a 271. Masu dogon zango kan fita ta ƙofar ganuwa zuwa Via Appia, hanyar da Appius Claudius ya fara shimfiɗawa a 312 kafin Miladiyya.

A ƙetaren kogin Tiber akwai unguwar Trastevere mai ƙananan lunguna, inda babbar motar 'yan yawo ba ta shiga, nan ne ƙanƙantar Fiat ke nuna amfaninta. A saman unguwar tudun Gianicolo yake, ana harba igwa a kansa kullum da ƙarfe sha biyu na rana. Fafaroma Pius na IX ne ya kawo al'adar a 1847 don ƙararrawar majami'u su daidaita lokaci, aka mayar da igwar tudun a 1904.

Tuƙi

Ko dai direba ya ja baƙo, ko baƙo ya tuƙa da kansa a ayari bayan jagora. Giyarta ta tsohon yayi ce, sai an taka kuloci sau biyu kafin ta shiga lafiya, kuma titunan dutsen da ake kira sampietrini suna jijjiga ta sosai. Ba ta da na'urar sanyaya ciki.

Dokoki da saɓani

An taƙaita shigar motoci tsakiyar Roma ta tsarin ZTL, wato yankunan da mota ba ta shiga sai da izini, kyamarori na lura da mashigai, mai shiga ba izini kuma tara ke hawa kansa. Dokar Italiya ta ware wa motocin tarihi matsayi na dabam, ƙungiyar masu motocin tarihi ta ASI da aka kafa a 1966 na cikin masu ba su shaida. Akwai saɓani kan ko ya dace a bar tsofaffin injuna su yi yawo a birnin da ke fama da hayaƙi: masu motocin na cewa gado ne kuma ba kullum suke fita ba, masu kare muhalli na son doka ta hau kan kowa.