Ɗan bautar ƙasa da aikin dashen itace: me doka ta ce?

Akwai wani yaro ɗan Bauchi da ke haya kusa da gidana a nan Sakkwato. Ilimin gandun daji ya karanta, amma da ya fito daga sansanin Wamakko sai aka miƙa masa alli aka ce ya shiga aji. Ran nan bayan la'asar ya same ni a gindin dogonyaro ya ce, "Baba, wai doka ce ta hana a tura mu aikin daji?" Na ce masa ba ta hana ba, ita ce ma ta buɗe ƙofar.

Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ce ta kafa shirin yi wa ƙasa hidima ranar 22 ga Mayu 1973, bayan yaƙin basasa, aka sake fasalin dokar a 1993. Duk ɗan Nijeriya da ya gama digiri ko babbar difloma bai haura shekara 30 ba, wajibi ne ya ba ƙasa shekara guda. Wanda ya haura, ko ya yi aikin soja ko ɗan sanda fiye da wata tara, takardar yafewa ake ba shi. Masu ɗaukar ma'aikata kuma doka ta ɗora musu nauyin neman ɗaya daga cikin takardun nan biyu, ta kammalawa ko ta yafewa. Alawus ɗin wata ya tashi daga naira 33,000 zuwa 77,000, an fara biya a Maris 2025.

Inda mutane ba su cika dubawa ba shi ne jerin wuraren da dokar ta ce ana iya tura ɗan hidima. Koyarwa da asibiti suna ciki, haka nan noma, da ayyukan samar da ruwa, da safiyo da zanen taswira, da adana abinci da yaƙi da ƙwari. Ke nan tura wanda ya karanta gandun daji wurin renon itatuwa bai saɓa wa komai ba. Ƙarancin malamai ne ya sa aka saba tura kowa makaranta, kuma ban raina wannan buƙata ba. Sai dai wanda ya taɓa bin hanyar Illela ko ya leƙa Gada da Tangaza a watan Afrilu, ya ga yadda rairayi ke cinye bakin gona, ya san akwai wata buƙatar da ita ma ba ta jira.

Ko an tura yaro aji, hanya biyu ta rage masa. Akwai rana guda a mako da aka ware don aikin raya al'umma, kuma cikin ƙungiyoyin da ake raba 'yan hidima don wannan aiki akwai ta kare muhalli. Yana iya ɗaukar aikin kansa ma, in ya rubuta ya samu amincewar hukumar bautar ƙasa ta hannun jami'inta na ƙaramar hukuma. Sannan ga shirin koyon sana'a na SAED da aka fara a 2012, wanda ake somawa a sansani a ci gaba bayan an fito, kuma harkar noma na cikin fannoninsa.

A nan nake son matasa su tsaya su yi tunani, don renon itace sana'a ce cikakkiya. Wanda ya iya haɗa ƙasa da taki a baƙar leda, ya san irin da ake jiƙawa a ruwan zafi kafin ya tsiro kamar na bagaruwa, ya iya yi wa mangwaro aure, ba zai rasa mai saye ba. Na taɓa ganin an dasa itatuwa jere a bakin wata hanya cikin damina, da taro da ɗaukar hoto. Kafin bazara ta kai tsakiya awaki sun cinye rabi, sauran ƙishirwa ta kashe. Guda uku suka tsira, su ne waɗanda wani mai faci ya kewaye da ƙaya, kullum da safe yana zuba musu ragowar ruwan jarkarsa. Abin da ya yi shi ne ainihin aikin, kuma shekara guda ta isa a koye shi, tunda ɗan hidima zai ga damina da hunturu da bazara a wuri ɗaya.

Giɓin dokar da ya fi damuna shi ne ba ta san da wanda bai je jami'a ba. A Amurka, shugaba Franklin Roosevelt ya kafa rundunar matasa masu aikin daji a 1933 don marasa aikin yi. Ana biyan yaro dala 30 a wata, a aika wa iyayensa 25, kuma kafin a rufe shirin a 1942 matasa kusan miliyan 3 sun ratsa ta cikinsa. Mu a nan, ɗan manomin da ya san gawo da aduwa da magarya tun yana ƙarami ba ya cikin lissafin bautar ƙasa. Ƙofar da ta fi kusa da shi ita ce hukumar ganuwar itatuwa ta tare hamada, wadda aka yi wa doka a 2015 don jihohi 11 na bakin sahara, har da Sakkwato, Kebbi da Zamfara.

Shawarar da na ba yaron nan ita ce ya rubuta takardar neman izini, ya roƙi shugaban makarantarsu ɗan fili kusa da famfo, ya fara da leda 200 na dogonyaro da zogale. Na ce masa kafin ya dasa ko guda ɗaya ya tanadi ƙayar shinge, ya kuma zaɓi ɗalibai biyu da za su ci gaba da ban ruwa bayan ya karɓi takardarsa ya koma Bauchi.