Wutar lantarki daga igiyar teku: me ya hana ta bunƙasa?

Da gaske ana iya samun wuta daga igiyar ruwa?

Ƙwarai kuwa. Iska ce ke haifar da igiyar teku. Tana kaɗa saman ruwa tsawon dubban kilomitoci, ƙarfinta ya taru a cikin ruwan, ya yi doguwar tafiya har gaɓa ba tare da ya ragu sosai ba. Ruwa kuma ya fi iska nauyi kusan sau 800, shi ya sa ɗan motsinsa ma ke ɗauke da ƙarfi mai yawa. Wannan daban yake da cikowa da janyewar teku, wanda galibi wata ke haddasawa.

Yaya injinan ke aiki?

Akwai mai kama da ƙaton tulu da ke yawo a saman ruwa, an ɗaure shi da ƙasan teku. Igiya ta ɗaga shi ta sauke, wannan hawa da saukar ya juya janareta. Akwai kuma ɗaki na kankare da aka buɗe ƙasansa ga teku: ruwa ya shigo ya tura iskar ciki waje ta cikin farfela, ya koma ya zuƙo ta, farfelar na juyawa gefe ɗaya a duka biyun. An kuma taɓa ƙera Pelamis, doguwar na'ura mai gaɓoɓi kamar maciji, wadda ke lanƙwashewa a kan igiya, gaɓoɓin su matsa mai ya juya injin.

Sabon tunani ne?

Ko kusa. Tun 1799 wani Bafaranshe mai suna Girard ya yi rajistar dabarar a Paris. Bayan rikicin man fetur na 1973, Stephen Salter na Jami'ar Edinburgh ya fito da na'urarsa da ake kira agwagwa a 1974. A 2003 aka buɗe cibiyar gwaji ta EMEC a tsibiran Orkney na Sikotland, inda Pelamis ta fara ba da wuta a 2004.

To me ya hana ta yaɗuwa kamar wutar sola da ta iska?

Teku ne da kansa. Ƙarfin igiya ba ya ƙaruwa daidai da tsayinta: idan tsayin ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka huɗu. Injin da aka ƙera don ya ci moriyar igiyar yau da kullum dole ne ya jure guguwar da ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. A ƙera shi da sauƙi ya karye, a ƙera shi da kauri kuɗinsa ya wuce wutar da zai bayar. Ga gishiri na cin ƙarfe, ga ƙananan halittu na manne masa, ga gyara da ba ya yiwuwa sai da jirgi, sai kuma teku ya lafa.

Fotugal ta ɗanɗana wannan. A 2008 aka girka Pelamis uku a Aguçadoura masu megawat 2.25 jimilla, amma cikin 'yan watanni aka janye su, kamfanin da ke ƙera su kuma ya durƙushe a 2014. Abin da ya fi damuna shi ne har yau injiniyoyi ba su tsaya kan siffa ɗaya ba. Masu wutar iska tuni suka daidaita kan farfela mai fuka-fuki uku, aka riƙa ƙera ta da yawa har farashi ya sauko. A nan kuwa kowa da nasa samfurin, kuma abin da ba a ƙera da yawa ba ya araha.

Me ya sa ba a haƙura ba?

Domin igiya ba ta kwana da dare, kuma ana iya hasashenta kwanaki kafin ta iso. A yammacin Turai ta fi ƙarfi da hunturu, daidai lokacin da hasken rana ya yi ƙasa. A ganina tsibirai masu ƙona dizil mai tsada su ya kamata a fara kai wa ita. Akwai ma abin koyi a Mutriku da ke yankin Basque na Sifaniya: an gina farfeloli 16 a cikin katangar da ke kare tashar jiragen ruwa, masu kilowat 296 jimilla, suka fara ba da wuta a 2011. Ƙarama ce, amma da yake a jikin katanga take, mai gyara da ƙafa yake isa wurinta.