Waiwaye: Daga En'e zuwa UMYU, yaushe gajeren suna ke shiga kundin sani?

Gajarta suna ba baƙon abu ba ne a ƙasar Katsina. Tun zamanin Turawa, haruffan NA (Native Authority, hukumar gargajiya) suka faɗa bakin mutane suka zama En'e, DO (District Officer, jami'in gunduma) ya koma Di'o, har aka manta cewa haruffa ne. Siyasa ta ƙara nata: jam'iyyar NEPU a 1950, sai NPC ta su Sardauna. Malamai kuma suka kawo SAW da RA cikin rubutun boko, 'yan jarida suka ƙirƙiro MDD don Majalisar Ɗinkin Duniya. A jarida babu damuwa, domin mai karatu na tare da labarin a ranar. Matsalar ta fito fili ne da matasa, ciki har da ɗaliban Katsina da Dutsin-Ma, suka fara rubutu a Wikipedia ta Hausa, inda maƙala za ta yi shekaru ana karanta ta.

Gajeren suna yana tsufa. An kafa hukumar wutar lantarki NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, daga 2013 kuma KEDCO ke raba wuta a Katsina, Kano da Jigawa. Amma har gobe in wuta ta ɗauke, "Nefa" za ka ji. Wanda ya rubuta NEPA a kan abin da ya faru a 2020 ya yi kuskuren tarihi, ko da kowa ya gane nufinsa.

Yana kuma karo da ɗan'uwansa. NPC jam'iyya ce a Jamhuriya ta Farko, yau hukumar ƙidayar jama'a ce. NNPC ta fi ban haushi: ga kamfanin mai na 1977, ga kamfanin ɗab'i na Zariya da ya girme shi, wanda ya buga littattafan Hausa masu yawa. A maƙalar adabi, NNPC tsurarta ta isa ta tura mai karatu gidan mai. Sannan ga iyakar ƙasa. Daga Jibiya zuwa Maraɗi ba nisa, amma ECOWAS ɗinmu a can da Faransanci CEDEAO ce, hukumar lafiya ta duniya WHO kuma OMS. Bahaushen Damagaram ma mai karatu ne.

Shi ya sa ƙwararrun editoci ke bin hanya ɗaya. A ambato na farko a rubuta cikakken suna da Hausa, gajeren ya biyo a cikin baka: Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, sannan UMYU. In sunan sau ɗaya ko biyu kawai zai fito, gajartawar ba ta da amfani. Sai ya kai uku ko fiye take rage wahala. A taken maƙala a sa cikakken suna, sai fa inda haruffan suka rinjaye shi, kamar BBC. Kalmar da ta riga ta zama Hausa, irin En'e, a rubuta ta yadda ake faɗinta.

Kuskuren da ya fi yawa a yanzu shi ne ƙirƙira. Edita ya fassara sunan hukumar zaɓe, ya tsinci haruffan farko ya haɗa nasa gajeren suna, alhali INEC kowa ya sani tun 1998. Mai neman bayani zai buga INEC a wayarsa, maƙalar kuwa ba za ta fito masa ba.